Daga Bakin Ngadda Zuwa Birnin Delft

Duk wanda ya taɓa haɗa lefe a ƙasar nan ya san sunan Holan, domin akwatin da babu atamfa 'yar Holan a cikinsa dangin amarya ba su cika yi masa kallon arziki ba. Ita wannan atamfa a wani gari mai suna Helmond ake buga ta, a masana'antar Vlisco wadda aka kafa tun 1846. Haka kuma madarar gwangwani ta Peak da masu shayi suke hudawa kowace safiya, asalinta daga can ne. Amma ban da zane da madara, kaɗan ne daga cikinmu suka san wani abu game da ƙasar, balle su san cewa mutanenta sun yi shekara fiye da 700 suna kokawa da irin abin da ya same mu a Maiduguri ran 10 ga watan Satumba na 2024. Saboda haka na ga ya kamata in ba masu karatu labarin abin da idona ya gani a can, ko Allah ya sa wani ya tsinci abin amfani.

Dalilin zuwana kuwa shi ne, akwai wani ɗan ƙanwata, injiniya, wanda yake ƙaro ilmi a makarantar koyon sha'anin ruwa ta IHE da ke birnin Delft. Tun 1957 aka buɗe makarantar, kuma yawancin ɗalibanta daga ƙasashen Afirka da Asiya da Kudancin Amurka suke zuwa. Shi ne ya matsa mini in je in huta bayan wahalar da muka sha, don gidanmu na Gwange yana cikin waɗanda ruwa ya ci. A watan Mayu na 2025 Allah ya nufa. Na tashi daga Maiduguri zuwa Ikko, daga can jirgi ya ɗauke mu da dare, bayan wajen awa 7 muka sauka a filin jirgin sama na Schiphol kusa da Amstadam.

Da muka gaisa ya karɓi jakata, sai yaron ya ce, "Kawu, ka san kuwa inda kake tsayen nan gindin tafki ne?" Ya bayyana mini cewa a da wurin wani babban tafki ne da jiragen ruwa suke ratsawa, sai aka kewaye shi da jinga, aka kafa manyan injuna masu aiki da tururi suka yi ta kwarfe shi har ya ƙafe a 1852. Filin jirgin yana ƙasa da fuskar teku da fiye da mita 3. Irin wannan ƙasa da aka ƙwato daga ruwa ita suke kira folda. Kusan kashi 26 cikin 100 na ƙasar Holan duka ƙasa yake da fuskar teku.

A cikin jirgin ƙasa na tabbatar da zancensa. Ta taga na ga shanu dabbare-dabbare suna kiwo a wani fili kore shar, a gefensu kuma ga kanal irin na manoman rani, amma ruwan da ke cikinsa ya fi filin tudu. Kwalekwale yana wucewa bisa, shanu suna ƙasa suna cin ciyawarsu, ko ɗaga kai ba su yi. Mutumin da ya ga ruwa ya shigo ɗakinsa da tsakar dare ba zai kalli wannan abu hankalinsa kwance ba.

GARIN DA AKA HAƘA

Delft yana tsakanin birnin Heg, mazaunin Gwamnati, da Rotadam, babbar tashar jiragen ruwa. Mutanensa sun ɗara dubu 100 kaɗan, watau bai kai wasu unguwanninmu biyu ko uku ba in an haɗa su. Sunan garin daga kalmarsu ta haƙa ya fito, domin wajen shekara ta 1100 aka haƙa wani kanal don a tsane fadamar wurin a sami noma, sa'an nan mutane suka zauna a bakinsa. A 1246 aka ba shi matsayin birni. Wannan kanal na farko yana nan har yau, ana kiransa Oude Delft, kuma a wani gidan baƙi da ke bakinsa na sauka.

Tsohon garin duka kanal ne ya ratsa shi tsaye da kwance. Kowane kanal da titin bulo hagu da dama, da itatuwa a jere, da ƙananan gadoji masu doro. Gidajen dogaye ne sirara, manne da juna, ba katanga ba zaure, tagoginsu manya suna kallon titi, wasu ma ko labule babu. Na ce wa yaron nan, lalle mutanen nan ba su san kunya irin tamu ba, ya yi dariya ya ce su kuma mamakin katangunmu suke yi. Abin hawansu keke ne, tsoho da yaro, malamin jami'a da lebura. Baƙo ya fi tsoron keke a kan mota, don ba ya da ƙara, sai dai ka ji ƙararrawa a bayanka.

Ran Alhamis kasuwa take ci a babban dandalin garin. Nan na ga abin mamaki: mutum ya sayi ɗanyen kifi wanda aka jiƙa da gishiri, ya barbaɗa masa albasa, ya kama wutsiyarsa, ya ɗaga kai ya zura a baki. Mu da muka saba da bandar Baga, na ce a kai kasuwa. Ran Juma'a kuwa muka yi salla a masallacin Turkawa, tare da mutanen Maroko da ɗalibai daga ƙasashe iri-iri. A wannan wata rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, saboda haka mai jiran lisha sai ya yi da gaske.

A bakin dandalin akwai wata tsohuwar majami'a inda ake binne sarakunan ƙasar. Hasumiyarta ta kusa mita 109, matakalarta 376, na hau da hutawa sau huɗu. Daga bisa ana hango Rotadam da Heg, da kuma gonakin gilashi na yankin Westland, inda ake noman tumatir da tattasai rani da damina. Ƙasar shimfiɗe take kamar tabarma, ta tuna mini da hanyar Dikwa zuwa Ngala. Akwai wata majami'ar da ta girme ta, wadda hasumiyarta ta karkata wajen mita 2, don an gina ta a kan ƙasa mai laushi a bakin kanal. A cikinta aka binne Antonie van Leeuwenhoek, wani mai sayar da yadi ɗan garin, wanda ya riƙa goge gilashi yana ƙera madubin ƙara girman abu, har a 1674 ya duba ɗigon ruwan tafki ya ga ƙananan halittu suna iyo a ciki. Daga irin bincikensa aka kama hanyar gane ƙwayoyin cuta, irin na kwalarar da ta biyo bayan ambaliyarmu.

SARKIN JINGA

Amma ginin da ya fi tsaya mini a rai wani gida ne na dutse a bakin Oude Delft, mai tambura kala-kala a goshinsa. An gina shi a 1505, kuma tun 1645 yake hannun hukumar ruwa ta yankin Delfland. Ita hukumar kuwa tun 1289 take. An yi sarakuna sun shuɗe, an yi yaƙi da Sifen na shekara 80, gobara ta cinye yawancin garin a 1536, rumbun albarushi ya fashe ya rushe wani sashe nasa a 1654, Faransa ta mamaye ƙasar, Jamus ta mamaye ta a 1940, duk da haka wannan hukuma ba ta daina aikinta ba.

Ga yadda abin yake. Ƙasar tana da irin waɗannan hukumomi 21, kuma iyakokinsu ba su bin iyakar lardi ko ta gari, hanyar ruwa suke bi. Kowace tana da majalisa wadda jama'a suke zaɓa duk shekara 4, da shugaba wanda sunan muƙaminsa in an juya shi da Hausa sai a ce Sarkin Jinga. Tana da harajinta na kanta, dabam da na Gwamnati, wanda kowane gida yake biya, kuma ba a taɓa kuɗin don wani aiki in ba na ruwa ba. Aikinta shi ne kula da jinga da famfuna da tsayin ruwa a cikin kanal, da tace ruwan ƙazanta. Har ma'aikata ake ɗauka musamman don kama wata irin gafiyar ruwa mai haƙa rami a jikin jinga. Da na ji wannan sai na tuna da madatsar Ma'arib ta mutanen Saba'i, wadda malaman tafsiri suka ce ɓera ne ya fara yi mata ɓarna.

Akwai kuma abin da ya yi kama da duba-garinmu na zamanin En'e. Duk wanda lambatu ya bi ta gefen gonarsa, wajibi ne ya yashe shi ya nome ciyawarsa kafin ruwan hunturu. A ƙarshen shekara ma'aikatan hukuma suna zagayawa dubawa. Wanda bai yi ba a gargaɗe shi, in ya ƙi, a yi aikin a kawo masa takardar biya. A zamanin da ma dokar ta fi haka tsanani. Kowane mai gona yana da yankin jinga da aka ɗora masa, in ya kasa riƙe shi sai ya kafa shebur a kai, alamar ya saki gonar, wanda ya zare shebur ɗin ya ɗauki gona da nauyinta gaba ɗaya. Hujjarsu ita ce, jinga kamar tsintsiya take, in wurin mutum ɗaya ya ɓalle kowa ruwa zai ci.

Wata rana muka shiga jirgin ruwa daga Rotadam zuwa Kinderdijk, inda akwai famfunan iska 19 waɗanda aka gina wajen 1740, kowanne da fukafukai huɗu kamar ƙatuwar fanka. Iska tana juya fukafukan, su kuma su juya wata ƙafa mai ɗebo ruwa daga ƙasa ta zuba a bisa. Yanzu manyan injuna ne suke wannan aiki, amma ba a bar tsofaffin sun ruɓe ba, akwai masu kula da su, wasu ma a ciki suke zaune da iyalinsu.

Kada mai karatu ya zaci ruwa bai taɓa cin su ba. Daren 31 ga Janairu zuwa 1 ga Fabrairu na 1953 guguwa ta taso daga teku ta haɗu da cikar ruwa, jinga ta ɓalle a wurare da yawa a kudu maso yammacin ƙasar, mutum 1,836 suka halaka. A Nieuwerkerk, wanda ba shi da nisa da Delft, jinga ta fara tsagewa, sai magajin garin ya umarci wani matuƙi mai suna Arie Evegroen ya kawo jirginsa na dakon kaya ya toshe ɓarakar da shi. Da wannan jinga ta tafi, da yankin da ya fi ko'ina yawan jama'a a ƙasar ya nutse. Da aka yi bincike sai aka tarar jingogi da yawa sun yi gajarta, an kuma yi sakaci da gyaransu a shekarun yaƙi da bayansa, ga hukumomin ruwa sun fi 2,000, yawancinsu ƙanana marasa ƙarfi. Ba su ɓoye wannan ba. Suka haɗe hukumomin, suka shiga gina manyan madatsai a bakin teku, aikin da ya ɗauke su fiye da shekara 40.

Na je na ga na ƙarshensu, wanda aka gama a 1997 a mashigin Rotadam. Ƙyaure biyu ne na ƙarfe, kowanne tsawonsa mita 210, suna kwance a gaɓa hagu da dama. In kwamfuta ta lissafa cewa ruwa zai hau mita 3 a Rotadam, sai su taso su haɗu a tsakiya su rufe kogin. Sai da aka shekara 10, a Nuwamba na 2007, kafin guguwa ta sa a rufe su karon farko. Amma kowace shekara, kafin lokacin guguwa, sai an rufe su don gwaji, jama'a su taru su yi kallo. Na tambayi yaron nan, "Duk wannan ɗawainiya don abin da sai a shekara goma ba a bukace shi ba?" Ya ce, "Kawu, ai ranar da za a bukace shi ba ranar neman makaniki ba ce."

A 1995 kuma koguna suka cika har aka kwashe mutum wajen dubu 250 daga gidajensu. Bayan wannan sai suka sake dabara. A wurare fiye da 30 suka ƙara wa koguna fili, a wasu suka ja jinga baya, suka biya masu gidaje da gonaki diyya suka tashe su, don kogi ya sami inda zai miƙe ƙafa in ya cika.

MU MA MUNA DA NAMU

Na san wani zai ce ai masu kuɗi ne. Gaskiya ne suna da kuɗi, kuma ba duka ne na halal ba, domin sun yi cinikin bayi, sun riƙe ganuwar Elmina ta ƙasar Gana daga 1637 har 1872, abin da Sarkinsu Willem-Alexander ya nemi gafara a kansa a 2023. Amma hukumar Delfland ta girmi wannan dukiya da shekara fiye da 300. Manoma ne masu shebur da kwando suka fara ta.

Irin wannan ilmi kuwa ba baƙo ba ne a ƙasar Barno. Duk wanda ya san firgin Dikwa da Marte da Ngala ya san yadda manoman masakwa suke tayar da ƙananan jingogi su tare ruwan damina har ƙasa ta sha ta ƙoshi, sa'an nan su dasa dawa in ruwa ya janye, su girbe ta cikin hunturu ba tare da ɗigon ruwan sama ba. A yankin Bol na ƙasar Chadi mutane sun daɗe suna datse hannuwan tafki tsakanin tsibirai, in wurin ya tsane su shuka alkama da masara. Wannan ita ce folda, ko da ba haka suke kiranta ba. Jingar masakwa kuwa kowace shekara sai an sake ɗaga ta, kuma kowa ya san tasa.

Manyan ayyuka ma mun yi su. An yi aikin folda a Baga, an kuma haƙa babban kanal daga Tafkin Chadi zuwa wajen Kirenowa don noman rani na Marte. Sai fari na 1973 da na 1984 suka sa tafkin, wanda a 1963 ya kai murabba'in kilomita wajen dubu 25, ya ja baya ya bar bakin kanal a bushe, daga baya kuma rashin zaman lafiya ya kori manoman. Madatsar Alau an gama ta a 1986 a kan kogin Ngadda, don ba Maiduguri ruwan sha da kuma noman shinkafa a fadamar Jere. A 1994 ruwa ya shigo gari. Bayan shekara 30 cif ya dawo da ƙarfin da ya fi na da, wani sashe na madatsar ya ɓalle, ruwa ya shiga Gwange da Gamboru da Kasuwar Monde da fadar Shehu da asibitin koyarwa, ya fitar da kadoji da macizai daga gidan namun daji, ya raba mutum wajen dubu 400 da gidajensu. Mu a cikin duhu muka fita, ruwa iya ƙirji, yara a kafaɗa, takardu da littattafan da na tara shekara da shekaru suka zama laka.

A farkon 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da kashe naira miliyan dubu 80 don sake gina madatsar, kuma wannan abin godiya ne. Amma abin da na gano a Delft shi ne, ranar da aka yanka ƙyallen buɗe aiki, ranar ce aikin yake farawa. Mu mun fi son bikin buɗewa, domin shi ne yake da kalangu da hoto a jarida. Mutumin da yake zagaya jinga da asuba yana neman ramin gafiya ba wanda yake yi masa kirari, alhali kuwa barcin gari duka a hannunsa yake.

Saboda haka ina kira ga hukuma da a ware kuɗin gyaran madatsar kowace shekara, a sa shi inda ba za a taɓa shi don wani abu ba, a riƙa duba ta kafin damina, a kuma karanta wa jama'a sakamakon a rediyo da Kanuri da Hausa da Shuwa. A kafa ma'aunin ruwa da mai tsaronsa dare da rana, wanda in ruwa ya kai wani ƙa'idajjen wuri zai sanar da gari ta rediyo da lasifikokin masallatai, don kada a sake tashin mutane da ruwa a kan gado. Wanda ya yi gini a cikin hanyar Ngadda a ba shi wani fili da diyya ta adalci ya tashi, domin Hausawa sun ce ruwa ba ya barin hanyarsa.

Mu kuma talakawa akwai namu. Muna da Bulama a kowace unguwa, da Lawan a bisansa, har zuwa fadar Shehu, tsari wanda ya girmi Yerwa kanta, wadda aka kafa a 1907. Babu abin da zai hana kowane Bulama ya raba lambatun unguwarsa gida-gida, a sa rana a watan Mayu a yi gayya a yashe su, a sa wata ranar a zagaya a duba, wanda ya zuba shara ko leda a ciki a ci shi tara a gaban jama'a. Wannan ba ya bukatar injiniya daga Turai, kuma kuɗinsa bai kai na turmin atamfa ba.

Wannan kira bai tsaya ga mutanen Barno kaɗai ba. Duk garin da yake zaune a ƙarƙashin madatsa, ko Tiga ce, ko Goronyo, ko Bakolori, ko Dadin Kowa, ya kamata mutanensa su san wanda yake duba ta, da ranar da ya duba ta ta ƙarshe, da abin da ya gani. Tambayar wannan ba rashin ladabi ba ne ga shugabanni, taimakonsu ne.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a ambaliyar Maiduguri, ya mayar wa waɗanda suka yi hasara da alheri, ya ba mu damina mai albarka. Amin.